Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin makarantun sakandare na Zariya: ba a fafe gora ranar rajistar JAMB

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, malamaina. Ina gaishe ku da aiki, ina kuma yi muku sannu da haƙuri, don na san abin da ake nufi da riƙon makaranta a wannan zamani. Ni ba malami ba ne. Akanta ne, na yi shekaru a ofis, yanzu kuma ina riƙe wa wasu 'yan kasuwa littattafansu a Sabon Gari da Tudun Wada. Wani abu ne ya faru a gabana ya hana ni sakat, shi ya sa na ce bari in kawo ƙara wurin masu ita.

Lokacin sayar da fom ɗin JAMB da ya wuce, ƙanwata ta roƙe ni in raka ɗanta wurin rajista. Muka yi sammako cikin hazo, muka tarar layi har ya karya kwana. Sai wajen ƙarfe goma sha ɗaya muka isa gaban yaron da ke kan kwamfuta. Bai ko ɗago kai ba ya ce, “Wane kwas?” Ɗan ƙanwata ya ce, “Biznes.” Ya ce, “Wanne a ciki?” Yaro ya waiwayo yana kallona. Shekara uku ke nan yana ajin kasuwanci, amma ashe bai taɓa jin cewa Biznes ɗin gida ne mai ɗakuna da yawa ba. Mai kwamfuta ya ce, “A sa masa Biznes Admin kawai, shi kowa yake sawa. Na baya yana jira.” Na ce a dakata. Muka fita daga layi, muka zauna a bencin mai shayi, na yi masa bayanin rabin awa da ya kamata a ce ya ji tun yana aji uku na ƙaramar sakandare. Daga inda nake zaune ina hango sauran yaran, maza da mata, suna shiga suna fita da takarda a hannu. Akasarinsu ba su zo da kawu ba.

Ba na ganin laifin mai kwamfuta. Aikinsa ya cike gurbi ya sallami layi. Tun a makaranta aka yi saken.

Ku da kanku kun san yadda ake rabon yara idan sun gama aji uku. Masu ƙoƙari a tura su kimiyya, ko suna so ko ba sa so. Masu baki da son karatun littafi a kai su ajin adabi. Ragowar, waɗanda aka rasa inda za a sa su, sai a ce su tafi komashal. Abin da ke ba ni mamaki shi ne, yaron da lissafi ya fi wahalar da shi, shi ake turawa ajin da kusan duk kwas ɗin da ke gabansa a jami'a sai da kiredit a lissafi. Kiredit biyar ake nema, da Turanci da lissafi a ciki, a mafi yawan wurare har da tattalin arziki. A jarrabawar JAMB ma lissafin yana nan yana jiran sa a cikin darussa huɗun da zai rubuta. Mun ɗauki gurgu mun ajiye shi a gindin tsani, sannan muna mamakin ya kasa hawa.

Kuma wai a Zariya ake haka. Tun 1947 ake horar da akawuna a garin nan, a makarantar da ta zama Cibiyar Koyon Aikin Mulki ta Kongo, wadda aka haɗe da Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa ta a 1962. Ma'ajin En'e da akantocin gwamnatin Arewa da yawa nan suka sha tawada. Yaro zai tashi a Gyallesu ko Tudun Wada, kullum yana wucewa ta ƙofar Kongo, ya gama sakandare bai san bambancin akanta da ma'aikacin banki ba.

Bari in faɗa muku abin da na faɗa wa ɗan ƙanwata a bencin mai shayi, ko za ku ga abin ɗauka.

Na fara masa da nawa, wato Akawuntin. Mutane suna zaton akanta ƙirga kuɗi yake yi. Inji ma yana ƙirga kuɗi, ya kuma fi mu sauri. Aikin akanta shi ne ya bi sawun kowace naira, ya san inda ta fito da inda ta kwana, sannan ya gaya wa mai dukiya gaskiya ko da ba ta yi masa daɗi ba. Daga nan hanyoyi suke rabuwa. Wani ya zama odita, yana bincika littattafan wasu. Wani ya ƙware a haraji. Wani ya shiga baitulmalin jiha ko na ƙaramar hukuma, wani asibiti, wani ƙungiyoyin agaji, waɗanda ba sa sakin sisi sai da rasit. Amma a gaya wa yaro tun wuri cewa digirin shekara huɗu rabin tafiya ne. Wanda yake son a damƙa masa manyan littattafai sai ya ci jarrabawar ƙwararru. Ƙungiyoyin ƙwararrun akantoci ne ke shirya ta: akwai ICAN, wadda doka ta kafa a 1965, akwai kuma ANAN, wadda ta sami amincewar doka a 1993, tana da kwalejinta a kusa da Jos. Abin da ɗalibanku kusan duka ba su sani ba shi ne, ICAN tana da wani mataki da ake kira ATS, wanda mai takardar sakandare da kiredit ɗinsa cikakku zai iya farawa tun kafin ya ga ƙofar jami'a. Yara nawa ne suke zaman jiran admishan shekara biyu, uku, suna gadin majalisa, alhali da sun yi nisa a wannan?

Sai dai aikin yana da halinsa. Ƙarshen wata idan littafi ya ƙi daidaita, naira ɗari kacal za ta iya riƙe ka a ofis har bayan isha'i, don ba girman kuɗin ake ji ba, abin da ke ɓoye a bayansa ake tsoro. Yaron da ba ya iya zama wuri ɗaya, kada a cuce shi da wannan. Amma ku duba cikin azuzuwanku, za ku ga yarinyar da ita ke riƙe wa mahaifiyarta littafin adashi, ta san wadda ta zuba da wadda ta yi fashi, ba ta taɓa rikicewa ba. Wannan akanta ce tun ba ta san sunan ba. Idan ba a gaya mata ba, za ta bi ƙawarta zuwa wani kwas da ba nata ba.

Sai harkar banki da kuɗi, wadda ita ce ta fi ruɗin yara saboda kwat da sanyin ofis. A nan na fi son a yi musu gaskiya tsirara. Bankuna suna ɗaukar mai kowane irin digiri, har wanda ya karanta ilimin ƙasa ko kimiyyar sinadarai. Da yawa daga cikin matasan da ake gani a bayan kanta ma'aikatan kwantiragi ne, wani kamfani ne ya ɗauke su ya ba banki aro. Wasu kuma a ɗora musu adadin kuɗin ajiya da za su nemo a wata, su yini suna zagaye shaguna cikin rana. Aikin ba shi da tabbas irin na da. Mu da muka ga 2005, lokacin da bankuna 89 suka koma 25 bayan an ɗaga jarinsu zuwa naira biliyan 25, mun san abokanmu nawa suka kwana da aiki suka tashi babu. Inda wannan digiri yake da amfani na gaske shi ne can ciki: auna wanda ya cancanci a ba shi bashi, lura da haɗarin da kuɗi ke ciki, juya kuɗin fansho, kasuwar hannun jari, ƙananan bankunan talakawa, da hukumomi irin Babban Banki da hukumar inshorar kuɗin ajiya. Wannan kuwa lissafi ne zalla.

Akwai kuma maganar da iyaye suke yi a zaure ba sa kawo ta makaranta: kuɗin ruwa. Na san gidaje a cikin birni da uba zai ce ɗansa ya zauna ba aiki ya fi masa aikin banki. Ban zo in yi fatawa ba, akwai masu ita. Amma ya kamata iyaye su san cewa ƙasa ta canja. Jaiz ya fara aiki a 2012 a matsayin bankin da ba ya mu'amala da kuɗin ruwa, TAJ ya biyo a 2019, Lotus a 2021. A 2017 gwamnatin tarayya ta fitar da sukuk ɗinta na farko, wato takardun zuba jari marasa kuɗin ruwa, na naira biliyan 100, aka zuba a gyaran hanyoyi. Jami'ar Bayero tana da cibiya sukutum a kan wannan fanni. Irin waɗannan wurare mutum biyu suke nema a jiki ɗaya: wanda ya san babin ciniki a fiƙihu, ya san murabaha da ijara, wato sayarwa da sananniyar riba da kuma bayar da haya, ya kuma iya karanta littafin kamfani. Ina za a sami irin wannan yaro idan ba a garin da ake fita daga makarantar zaure a shiga ta boko ba? Muna da su, ba mu dai gaya musu cewa karatun da suke yi bayan magariba jari ne ba.

Inshora kuwa, da na ambace ta sai ɗan ƙanwata ya yi dariya, ya ce ai takarda ce da direba ke nuna wa jami'an hanya. Ba laifinsa ba ne, iyakar abin da yawancinmu muka sani ke nan: naira 15,000 da ake biya wa ƙaramar mota a shekara tun 2023. Amma duk lokacin da gobara ta tashi a kasuwa, mukan ga dattijo ya tsaya a kan toka, dukiyar shekara talatin ta tafi, sai dai jaje da gudummawa. Yanzu akwai takaful, tsarin inshora na Musulunci da aka gina a kan taimakekeniya, hukumar inshora ta ƙasa ta fitar da ƙa'idojinsa tun 2013. Wa zai shiga kasuwa ya yi wa mutanenmu bayaninsa da harshen da suke ji? A gefen inshora akwai wani fanni na masu lissafin haɗari da tsawon rai, waɗanda su ne suke auna nawa za a biya yau don a iya biyan diyya ko fansho nan da shekara talatin. Tun dokar fansho ta 2004, da gyaran 2014 da ya sa ma'aikaci ke zuba kashi 8 cikin 100 mai aiki ya ƙara kashi 10, kuɗin da ake tarawa sai ƙaruwa suke yi, ƙwararrun wannan lissafi kuwa ƙalilan ne a ƙasar nan. Wannan kwas ba ma na ajin komashal ba ne kaɗai. Yaron kimiyya da ya fi kowa lissafi, wanda ya nace sai injiniya ya yi ta faɗuwa a layin admishan, shi ya kamata a ja gefe a raɗa masa.

Maketin, yara suna jin sunan sai su hango mai talla da lasifika a bayan mota. Alhali ilimi ne na sanin wa zai saya, nawa zai iya biya, ta wace hanya kaya za su isa gare shi, me ya sa ya bar naka ya koma na maƙwabcinka. Mu da ke zaune tsakiyar manoma, kamfanonin iri da taki da maganin feshi kullum suna neman wanda zai iya zama a kan tabarma da manomin Giwa ko Soba ko Maƙarfi su fahimci juna. Ga matan aure da suke sayar da atamfa da turaren wuta ta WhatsApp da Instagram, kasuwa ce babba da ba ta da rumfa. A dai faɗa wa yaro cewa sau da yawa albashin wannan aiki kaɗan ne, kamasho ne mai yawa. Mai kunya ko mai saurin fushi zai sha wuya.

To, sai shi Biznes Admin ɗin da kowa yake sawa. Ba na kushe shi. Gishiri ne, yana shiga kowace miya, amma ba a yin kalaci da shi shi kaɗai. Za a ɗanɗana wa yaro akanta kaɗan, doka kaɗan, kula da ma'aikata kaɗan, sayen kaya da jigilarsu kaɗan. Wanda ya san inda ya dosa zai ci riba: ya ɗora da takardar ƙwarewa a kula da ma'aikata, ko a sayen kayan gwamnati da dokar 2007 ta tsara, ko a sufuri da jigila, tunda ga cibiyar koyon fasahar sufuri, NITT, nan a hanyar Basawa. Ɗan gidan kasuwa ma ya dace da shi. Wanda kuwa ya shiga don mai kwamfuta yana sauri, shi ne zai fito bayan bautar ƙasa da takarda irin ta dubban mutane, a tambaye shi me ya iya ya rasa ta cewa.

Tattalin arziki dabam yake, ilimin nazari ne mai cike da lissafi da ƙididdiga, kuma da yawa sai sun kai shekara ta biyu suke gane haka. Karatun mulki da na ƙananan hukumomi kuwa hanyarsu aikin gwamnati ce, bai kamata a cusa su a buhu ɗaya da kasuwanci ba.

Yanzu bari in kai ku Sabon Gari, don a nan ne abin ya fi yi mini ciwo. Wani Alhaji mai sarin kayan masarufi ya kira ni, ya ce ciniki yana tafiya amma shago yana ramewa, yana zargin yaransa. Na ce a kawo littafi. Aka miƙo mini littafin rubutu irin na 'yan firamare, bangonsa ya sha manja, ba komai a ciki sai sunayen masu bashi, wasu an soke, wasu sun shekara. Aljihun teburin da ciniki ke shiga, daga nan cefane yake fita, da kuɗin makaranta, da gudummawar biki, da na mai. Na tambaye shi yadda yake fitar da zakka, ya ce yana kintatawa ne ya ƙara a kai don kada ya ci haƙƙin Allah. Duk wannan magana, ɗansa yana zaune a kan buhun sukari yana danna waya. Digiri gare shi a fannin kasuwanci, shekara biyu yana jiran aikin gwamnati. Na ce masa, “Kai ba a koya muku ƙidayar kaya ba?” Ya ce an koya, har ya ci jarrabawar. Bai dai taɓa kawowa a ransa cewa abin da ke cikin takardun nan ya shafi shagon Baba ba. Shi ma Alhaji bai taɓa tunanin tambayarsa ba, don a wurinsa boko na ofis ne.

Asabar uku muka yi muna ƙirga katan-katan. Ba a sami ɓarawo ba. Bashin da ba zai dawo ba da hidimar gida ne suka daɗe suna cin uwar kuɗi, ana ganin ciniki ana zaton riba ce. Yanzu yaron ne ke riƙe da littafin, kuma maƙwabta sun fara kiran sa ya duba musu nasu.

Irin wannan aiki ƙaruwa zai yi. Ciniki ya koma tiransifa da POS, kowace naira tana barin sawu. Harajin kayayyaki ya koma kashi 7.5 cikin 100 tun 2020, an kuma sa hannu a kan sababbin dokokin haraji a watan Yunin 2025. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar yi wa ƙaramin kamfaninsa rajista shi kaɗai. Ɗan kasuwar da ba shi da littafi, duk abin da aka yanka masa sai ya biya, banki kuma ba zai saurare shi ba. Ayyukan da yaranmu suke nema a Abuja, wasunsu suna nan tsakanin Sabon Gari da Ɗan Magaji.

Ga roƙona, malamaina, kuma ban sa abin da ke buƙatar kasafin kuɗi a ciki ba.

A zangon ƙarshe na aji uku, kafin a raba yara, a ware yini guda a tara su tare da iyayensu. A kira tsofaffin ɗalibai, akanta ɗaya, ma'aikaciyar banki ɗaya, wani daga ofishin haraji, wani ɗan kasuwa da ya yi boko. Kada a ce su yi lacca a kan muhimmancin ilimi, yara sun ƙoshi da wannan. Kowa ya faɗi abin da yake yi daga safe zuwa la'asar, da abin da ya fi gundurar sa a aikin, da shekarun da ya yi kafin ya tsaya da ƙafarsa. A tabbatar akwai mace a cikinsu, don akwai uban da ba zai bar 'yarsa ta karanta akanta ba sai ya ga wata da hijabinta ta ce ga inda take aiki, ga lokacin da take komawa gida.

Sannan a daina ba ajin komashal ragowar malaman lissafi. In ma malami ɗaya ne ƙwararre a makarantar, a raba shi da adalci.

Kafin a buɗe sayar da fom kuma, malamin aji ya zauna da jagorar kwasa-kwasan JAMB, wadda take nan kyauta a intanet, ya bi yaransa ɗaya bayan ɗaya. Kowane yaro ya fita da 'yar takarda a aljihu: ga kwas, ga makaranta, ga darussa huɗun da suka dace da shi. Kowace shekara akwai masu cin maki mai kyau su rasa gurbi saboda haɗin darussa bai yi daidai ba, su yi ta zargin rashin uwa a gindin murhu alhali tun ranar rajista aka yi ɓarin. A kuma nuna musu sauran ƙofofi. Mai difloma daga Kwalejin Fasaha ta Nuhu Bamalli zai iya shiga jami'a kai tsaye a aji biyu idan sakamakonsa ya yi kyau. Ga IJMB, jarrabawar share fage da ke kai ɗalibi aji biyu a jami'a, wadda jami'ar garin nan ce ma take kula da ita. Ga makarantar share fage ta Funtuwa.

Ɗan ƙanwata dai, bayan duk dogon bayanina, bai ɗauki Akawuntin ba. Na so ƙwarai ya gaje ni. Ya ce, “Kawu, ni fa ba zan iya zaman neman naira ɗari har isha'i ba.” Maketin ya zaɓa, kuma da na tuna tun yana aji biyu yake saro cajar waya yana sayar wa abokansa, sai na yi shiru na biya kuɗin shayi, muka koma ƙarshen layi.

Idan wata makaranta ta shirya irin wannan zama, ni mai zuwa ne, ba sai an ba ni kuɗin mota ba. Zan zo da tsohon littafin nan mai manja, Alhaji ya yarda in nuna shi muddin na rufe sunayen masu bashi.

Allah Ya ƙara muku lafiya, Ya saka muku da alheri.

Naku,
Wani akanta daga Tudun Wada, Zariya